Shekarun da Na Rage wa Baban Ɗanjuma

Litinin, 4 ga Agusta 1986, hutun rana, ofis

Na girgiza kwalbar maganin Ɗanjuma da safe, ƙarar ba ta yi mini daɗi ba. Ta fara sauka ƙasa.

Tun da masaƙar Kakuri ta sallami babansa a watan Yuni suka karɓe katin kilinik ɗinmu tare da katin shiga ƙofa. Can ake ba yaron farar ƙwayar da ke hana abin nan nasa, farfaɗiya, tashi, tun yana firamare. Nas ɗin, Allah ya yi mata albarka, ta cika mana kwalba ranar ƙarshe ta ce mu lallaɓa. Na zaga kemis na Kakuri da na Nasarawa, har na haye gada zuwa Tudun Wada. Ko dai su ce kaya ba sa shigowa ƙasar, ko su miƙo wata a ƙulle cikin leda ba suna ba komai. Maman Tagwai, maƙwabciyarmu, ta ce rabinsu alli ne.

Ba ni na haifi Ɗanjuma ba. Na same shi yana ɗan shekara shida, uwarsa ta rasu, kansa duk makero. Yanzu ya yi ashirin da ɗaya, har gemu yake askewa. Amma ni nake sa masa filo a ƙarƙashin kai idan abin ya zo, ni nake korar 'yan kallo. Wanda ya ce ba ɗana ba ne ya zo ya faɗa a gabana.

Laraba, 6 ga Agusta, hutun rana

Oga Albert na sashen ma'aikata ya ajiye mini yankin jarida a kan tafiretata. Wani sabon kamfanin robobi a bayan Kakuri yana neman makanikan inji mutum biyu. Akwai bas na ma'aikata, akwai kilinik na iyali. Kilinik ɗin kawai idona ya gani. A aika takardar tarihin karatu da aiki, wadda mu 'yan ofis muke kira sibi.

Sai a layin ƙasa: kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar.

Mijina Shekari ya haura arba'in. Na ce wa Oga Albert na gode, amma ba namu ba ne. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci.

"Madam Eunice, ke fa ke kike buga takardun ritaya a ma'aikatar nan. Kin taɓa ganin wanda shekarunsa na fayil suka yi daidai da furfurarsa?"

Alhamis, 7 ga Agusta, yamma

Baban Ɗanjuma ya wuni a baranda da rediyo a cinya, a kashe. Na nuna masa jaridar. Ya ce to.

Asabar, 9 ga Agusta, yamma

Na rubuta komai da hannu na kai wa Oga Albert gidansa a Barnawa. Shafi huɗu. Ya auna su a tafin hannu sai ka ce nama yake saye.

"Wannan ai wa'azin jana'iza kika rubuta. Mutum ɗaruruwa za su aika, Madam, rabin Kakuri na zaune a gida. Wanda zai duba ba zai ba kowace takarda lokacin shan ruwa ba. Abin da suka nema shi za ki sa a sama, sauran ki bar shi a gida."

Ya ɗauki jan biro. Injin saƙa ba ruwan masu roba da shi, a mayar da shi ƙasa. Amma Shekari ya yi shekaru yana gyaran injin iska da tukunyar tururi, wannan ya hau sama. Kwas ɗin da ya yi a hannun injiniyoyin da suka zo daga waje, a ja masa layi. Shugabancin ƙungiyar mawaƙan coci, a cire. Sakataren ƙungiyar ma'aikata, Oga Albert bai ma yi magana ba, ya soke shi har biro ya huda takardar. Ya ce kada in rubuta dalilin barin aiki. Dama ba ni da niyya. Abin da ya faru a masaƙa a watan Yuni ko a nan ba zan rubuta shi ba.

Gaskiya mutumin ya san aikinsa. Shafi huɗu ya koma ɗaya, kuma da na karanta sai na ga mutumin da ni ma zan ɗauka aiki. Na dawo gida cikin ruwan sama, taɓon unguwarmu Romi har ƙwauri, amma raina fari.

Talata, 12 ga Agusta, bayan tashi daga aiki

An je kotu. Mutanenmu da aka haifa a ƙauye ba wanda ya rubuta musu rana, sai dai wani babba a dangi ya riƙe Littafi Mai Tsarki ya rantse cewa yana nan aka haife ka, a ba ka takardar shekaru. Kawu Garba, mai gadi a Barnawa, shi ya zo. A hanya ya ce shi dai abin da ya sani shekarar da aka haifi Shekari rufin coci ya faɗi. Na ce to Kawu, rufin nan a 1952 ya faɗi. Ya dube ni ya ce, "In kin ce haka, 'yata."

Ya rantse. Shekari ya fito ɗan shekara talatin da huɗu. Na tsokane shi na ce yanzu sai ya riƙa gaishe ni, na kusa girme shi. Bai yi dariya ba.

Wa ya san ainihin ranar? Babu. Tun daga kotu nake faɗa wa kaina haka.

Alhamis, 14 ga Agusta, hutun rana

Ashe shekara ba ta fita ita kaɗai. Da sabuwar ranar haihuwa, takardar gama firamarensa ta nuna ya gama yana ɗan shekara shida, dole na ajiye ta. Ranar fara aiki a masaƙa ta nuna ya riƙe sifana yana goma sha biyu, na matso da ita gaba. Shekara takwas na aiki sun tafi, cikinsu har da shekarar da bel ɗin inji ya cinye masa kan yatsa. Duk inda na toshe sai wani wuri ya ɓulle, kamar rufin ɗakinmu.

Na buga sau uku a ɓoye, ina jin takun shugabarmu Madam Sufurtanda ina zare takarda.

Juma'a, 15 ga Agusta, hutun rana

Oga Albert ya duba na ƙarshe. Yatsansa ya tsaya a layin iyali: yana da aure da 'ya'ya huɗu.

"Babban nasa shekara nawa?"

Na faɗa. Ya ɗaga kai yana lissafi da leɓe.

"Yana ɗan shekara goma sha uku ya haife shi kenan? A wajen intabiyu za su nemi suna da shekarun kowane yaro. Sa uku. Wancan a ce ƙanensa ne da yake riƙo."

Na ce kilinik fa? Ya ce kamfanoni da yawa suna haɗa ƙanen da ke hannun mutum, a samu aikin tukuna. Da yawa ya ce, bai ce duka ba. Na ji sarai. Ban sake tambaya ba.

Na shafa farin ruwan goge kuskure a kan huɗu, na hura ya bushe, na buga uku. Sai na ga ana gane shafen, na sake buga shafin daga farko.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan sujada

Shekari ya sa hannu. Ya karanta layin, na ga idonsa ya tsaya a kai. Ya ce, "Ke kika san takarda." Shi ke nan abin da ya ce.

Laraba, 20 ga Agusta, safe

Na fara raba ƙwayar biyu. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 26 ga Agusta, yamma

Takardar kiran intabiyu ta zo, masinjan kamfanin ya kawo a kan babur. Ya yi ta yawo a layinmu yana tambayar gidan Shekari Bulus, kowa ya ce bai san shi ba. Mai shago bai sani ba, masu faci ba su sani ba. Wa zai kira magidanci da sunan yanka a Romi? Sai da ya ce mai gyaran inji a masaƙa, Maman Tagwai ta tafa hannu ta ce ai Baban Ɗanjuma yake nufi. Ita ta ba ni labari tana dariya, wai masinjan ya ce zai riƙe sunan don gaba.

A takardarmu babu wani Ɗanjuma a cikin 'ya'ya. Ta farko Mary ce, sai Joseph, sai Irene. Bas ɗin kamfanin kuma a bakin titinmu yake ɗaukar mutane kullum safe.

Laraba, 27 ga Agusta, yamma

Bayan taron zumuntar mata a coci na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ce daga yau a riƙa cewa Baban Mary, maganar aiki ce, zan yi bayani daga baya. Wasu suka ce to. Matar dattijon coci ta ce bakin da ya saba shekara ashirin ba ya juyawa rana ɗaya. Maman Tagwai ta ja ni gefe.

"Yaron ya sani?"

Na ce zan gaya masa.

Ni kaina da daddare na buɗe baki zan kira shi cin tuwo, sunan ya maƙale. Na ce, "Ga abinci," kamar ina magana da baƙo.

Juma'a, 29 ga Agusta, safe

Ban gaya masa ba.

Asabar, 30 ga Agusta, rana

Ɗanjuma yana wanki a bakin famfo, Maman Tagwai ta leƙo ta katanga ta ce, "Baban Mary, ina kwana?" Ta faɗe shi da ƙarfi, don in ji ta cika alkawari. Shekari ya amsa a hankali. Yaron ya ci gaba da cuɗa rigar, ya ɗauraye, ya shanya, sannan ya same ni a kicin.

"Mama, an canza wa Baba suna ne?"

Na zaunar da shi na faɗa masa duka. Na ce takarda ce kawai, takarda ba ta haihuwa. Na ce don maganinsa ake yi. Na yi ta magana, ni da bakina ba ya gajiya, har na ji muryata ta ishe ni.

Ya ce, "To ni wane ne a takardar?"

Na ce ƙane.

Ya gyaɗa kai. "Ba damuwa. Sai ku gaya mini ranar da zan fara." Ya ɗauki bokiti ya koma famfo. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Talata, 2 ga Satumba, yamma

Intabiyu. Jiya na shafa wa Shekari yombo a kai don furfura, yau ruwa ya kama shi a layi a ƙofar kamfanin, baƙin ya gangaro bayan kunne har kwalar farar riga. Ya ce da hankici ya yi ta tarewa. Layin ya kai har kwana, akwai waɗanda shi ya koya wa aiki, suka yi kamar ba su gan shi ba, shi ma haka.

Manajan ya riƙe takardar ya ce ita ce kaɗai ta fara da injin iska, sauran duk saƙa suke ta ba shi labari. Suka kai shi gaban wani inji da ya ƙi tashi, ya tashe shi. An cika fom ɗin iyali. Na tambaye shi me ya rubuta. Ya ce abin da na buga.

Juma'a, 5 ga Satumba, safe

Abin ya zo wa Ɗanjuma da asuba, ƙarami. Ya ciji harshe. Rabin ƙwaya ba ya riƙe shi.

Litinin, 8 ga Satumba, yamma

An ɗauki Shekari aiki. Wata shida na gwaji. Zumuntar mata suka zo suka yi waƙa a tsakar gida, Mary da Irene suna tsalle. Ɗanjuma ya yanka kaza, ya fige, ya ce ba ya jin yunwa.

Na gode wa Ubangiji, da gaske na gode. Amma ban iya ɗaga hannu sama ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, yamma

Ba zan rubuta yau ba.

Asabar, 13 ga Satumba, rana

To bari in rubuta, tunda ya ƙi barin kaina.

Ranar Alhamis aka ce a kawo iyali kilinik a yi kati da hoto. Na ɗauki izini a ofis, muka tafi dukanmu. Akawun kilinik ɗin, wani Mista Matthew, ya buɗe fayil ya kira Mary, Joseph, Irene. Ya ɗaga kai ya ga Ɗanjuma tsaye, ya fi babansa tsawo.

"Wannan fa?"

Shekari ya buɗe baki. Ya ce, "Ƙanena ne. A hannuna yake."

Mista Matthew ba mugu ba ne. Ya ce ya yi haƙuri, dokar kamfanin mata ɗaya da 'ya'yan cikin mutum, ban da ƙane, ban da ɗan riƙo. Da ɗansa ne, ko ya girma, in yana da ciwo mai daɗewa ana iya rubuta wa manaja a sa shi. Ya ƙara duban su biyun ya ce, "Kai, amma kun yi kama. Sai ka ce kai ka haife shi."

Shekari ya dafa tebur, na san abin da zai faɗa, na kuma san a makon nan kamfanin ya kori wani direba saboda takardar ƙarya. Ban san me nake roƙon Allah ba, ya faɗa ko kada ya faɗa.

Ɗanjuma ne ya taɓa masa kafaɗa. "Yaya, mu tafi. Kada ka makara a bakin aiki."

Aka ɗauki hoton mu biyar, shi yana waje yana riƙe da lema.

Litinin, 15 ga Satumba, hutun rana

Oga Albert ya ce, "Ai da yawa na ce, ban ce duka ba." Na ce na sani. Ya ce a jira wata shida, in an tabbatar da shi a san dabara. Na ce kwalbar ba ta san wata shida ba. Ya shiga duba wani fayil.

Ba shi nake jin haushi ba. Na so a ce shi ne.

Laraba, 17 ga Satumba, yamma

Ɗanjuma bai daina ba. "Yaya, ina kwana." "Yaya, sannu da dawowa." A cikin ɗaki, ba baƙo, ba kowa. Ya durƙusa kamar kullum, ya gaishe da babansa da ladabi, ya ce Yaya. Joseph ya ɗauka wasa ne ya kwaikwaya, na kai masa mari, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Ɗanjuma, a gida ai ba sai ka yi ba." Ya ce gara baki ya saba, kada ya yi kuskure a bakin titi.

Ni har yanzu Mama yake ce mini. Ina jiran ranar da zai gyara wannan ma.

Juma'a, 19 ga Satumba, safe

Na girgiza kwalbar, ba ta ƙara.

Lahadi, 21 ga Satumba, yamma

A bakin famfo abin ya sami Ɗanjuma, da rana tsaka, mutane suna dawowa daga coci. Goshinsa ya bugi siminti. Na kori 'yan kallo har muryata ta dushe. Shekari ya ɗauke shi a kafaɗa, ƙato da shi, ya kai ɗaki yana ta cewa "ɗana, ɗana" a hankali. Yaron bai ji ba, ba ya cikin hankalinsa.

Da ya farfaɗo Shekari ya ce albashi na fitowa zai nemo ta gaske ko Kano ne, ko nawa ne. Ɗanjuma ya ce, "Ka bar shi, Yaya. Kana da yara uku da za ka ciyar."

Shekari ya fita baranda. Na ji shi yana tari, ba tari ba ne.

Laraba, 24 ga Satumba, hutun rana

Ɗanjuma ya zo ofis yau, da filasta a goshi. Bai taɓa zuwa ba. Ya tsaya gaban tafiretata da takarda a hannu. Tsohuwar masaƙar babansa tana ɗaukar leburorin wucin gadi a sashen rini, su ma sai da sibi, don masu nema sun yi yawa. Yana so ya riƙa sayen maganinsa da kansa.

Na san sashen rini. Manyan tukwane ne na tafasasshen ruwa a buɗe, ƙasa kullum a jiƙe, mutum yana tafiya a kan katako tsakaninsu.

Na ce a'a. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan buga ba.

Ya ce, "To zan kai wa masu tafireta na ƙofar kotu. Su ba su iya ba, ba za a ɗauke ni ba, sai in tafi wajen masu gini in hau sama da bulo. Ke kika iya, Mama. Na ga aikinki."

Ya riga ya rubuta da hannu. A sama ba Ɗanjuma Shekari ba ne, sunan da ke kan duk takardun makarantarsa. Ya sa Ɗanjuma Bulus, sunan kakansa, yadda ƙanen Shekari zai kasance. Ya ce zai je kotu ya yi rantsuwar canjin suna, Kawu Garba ya yarda. A layin lafiya ya rubuta: ƙalau.

Na ce wannan layin ƙarya ne. Ya dube ni kawai.

Na sa takarda a tafireta. Ina kuka ina bugawa, Madam Sufurtanda ta wuce ta yi kamar ba ta gani ba. Na ma gyara masa, na ɗaga hutun da ya taɓa yi yana taimakon masu rinin Tudun Wada na kai shi sama. Hannuna ne ya yi, ya saba.

Juma'a, 26 ga Satumba, yamma

Sun ɗauke shi. Ban gaya wa babansa ba, shi ma bai gaya masa ba.

Litinin, 29 ga Satumba, safe, kafin in tafi ofis

Ya fita tun kafin jiniyar masaƙa, na ƙulla masa ƙosai a takarda. Ba ƙwaya a cikinsa yau kwana da kwanaki. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba, kuma ni na buga takardar.

Shekari ya fito cikin sabon yunifom, ya zauna a baranda yana sa takalmi. Ya dubi ƙofar ɗakin yaron a buɗe, tabarma a naɗe.

"Ina yake?"

Na gaya masa. Na gaya masa sashen.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Shi ya fi kowa sanin wurin, ya taɓa fito da mutum daga ciki. Na ce in ya tafi yanzu zai same shi kafin a raba aiki, fomanan can duk sun san shi, kalma ɗaya ce zai faɗa su sallamo yaron. Na ce amma fa sai ya faɗi ko shi wane ne a wurinsa, kuma Kakuri ba ta riƙe magana.

Irene ta fito tana neman a ɗaure mata ɗamarar makaranta, ya ɗaure mata. Bas ɗin kamfanin ya yi hon a bakin titi, ya sake yi.

Ya sa ɗayan takalmin ya tafi wajen bas.